Muryar da Ta Bi ta Mazurari: Enrico Caruso da Fayafayansa na Farko

Ranar Juma'a, 11 ga Afrilu 1902, da rana, wani mutumin Napoli ɗan shekara 29 ya shiga wani ɗaki a otal ɗin Grand Hotel na birnin Milan. A wannan otal ne Giuseppe Verdi, babban mai tsara opera na Italiya, ya rasu a watan Janairun 1901. A cikin ɗakin akwai fiyano da makaɗinsa, Salvatore Cottone. Akwai wani mazurari na ƙarfe mai faɗin baki. Akwai kuma wani Ba'amurke, Fred Gaisberg, ma'aikacin kamfanin garmaho na Landan, da farantan kaki da ya tanada. Baƙon ya tsaya a bakin mazurarin ya rera waƙa goma, ɗaya bayan ɗaya, cikin kamar awa biyu. Ladansa fam 100. Sunansa Enrico Caruso.

Yau shekara 120 da 'yan kai ke nan, kuma waƙoƙin nan goma suna nan daram, duk mai waya a hannu zai iya nemo su a intanet. Na saurare su sau da yawa. Abin da kunne ke fara kamawa shi ne ƙarar faifan kansa, shuuu, kamar yayyafi a kan rufin kwano, sai fiyano can nesa kamar daga gidan maƙwabta. Daga nan sai murya ta keto. Ba ta yi kama da tsohon abu ba ko kaɗan. Mutum ne tsaye a gabanka, kana jin faɗin ƙirjinsa, kana jin inda ya ja numfashi, har inda ya yi kuskure kana ji. Wannan ne ya sa nake ɗaukar fayafayan 1902 zuwa 1904 da muhimmancin da ya wuce na kayan tarihi. A cikinsu ne wata na'ura da ake ɗauka abin wasan yara ta fara ɗauko mutum sukutum, da halinsa da zuciyarsa, ta kai shi ɗakin wanda bai taɓa ganinsa ba.

Kafin a yi nisa, ga wanda bai saba da opera ba: wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, a kan dandamali, ƙungiyar makaɗa tana zaune a ƙasa tana raka mawaƙa. Babu makirufo, babu lasifika. Mawaƙi shi kaɗai zai tura muryarsa ta haye kan makaɗa sittin ko tamanin ta isa kunnen wanda ke zaune a bene na ƙarshe, a zauren da ke cin mutum dubu biyu ko uku. Ba ihu ake yi ba, domin mai ihu ba ya kai ƙarshen dare. Horo ne na shekaru a kan numfashi da wurin ajiye sauti. Italiyawa sun kasa muryoyin maza gida uku: basso mai zurfi, baritono na tsakiya, da tenore mai hawa sama. Tenore shi ake ba matsayin saurayi mai soyayya, ko jarumi, ko wanda za a kashe a ƙarshe. Shi ne kuma ya fi kowa zama cikin haɗari, saboda sautukan saman da jama'a suka biya kuɗi don su ji suna gab da iyakar abin da maƙogwaron namiji zai iya ɗauka.

An haifi Caruso a watan Fabrairun 1873 a Napoli, garin da samarinmu suka fi sani ta wajen ƙwallo. Gidan talakawa ne. Mahaifinsa, Marcellino, makanike ne, shi ma yaron tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka kai shi koyon aikin ƙarfe. Waƙa a coci ya fara ta, sannan a shagunan shayi da bakin teku, inda ake ba shi 'yan kuɗi. Mahaifiyarsa, Anna, wadda ta fi kowa ƙarfafa masa gwiwa, ta rasu a 1888. Malaminsa na farko, Guglielmo Vergine, ya karɓe shi ne bisa sharaɗin zai riƙa cin kashi 25 cikin ɗari na abin da ya samu har tsawon shekara biyar na waƙa, sharaɗin da ya zama rigima daga baya. Ya fara hawa dandamalin opera a watan Maris 1895 a wani ƙaramin gida, Teatro Nuovo, a garinsu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a shekarun nan na farko muryarsa gajera ce. Tsakiyarta cike take, mai kauri da garɗi, har wasu na cewa ai wannan baritono ne ya ɓata hanya. Amma idan ya nufi sama sai ta tsage. Wani jagoran makaɗa, Vincenzo Lombardi, shi ya zauna da shi ya gyara masa wannan. Ya kamata a riƙe wannan batu, domin shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Caruso bai sami sautukan sama a sama ba. Daga ƙasa ya gina su, ya ɗauki kaurin tsakiyar muryarsa ya hau da shi a hankali, shekara bayan shekara, har saman ya zama da jiki irin na ƙasan. Wanda aka haifa da saman a buɗe ba ya shan wannan wahala, kuma sau da yawa ba ya samun wannan kauri.

Daga 1897 tauraronsa ya fara haske a Milan. Shi ya fara rera matsayin tenore a L'arlesiana ta Francesco Cilea a shekarar, sannan a Fedora ta Umberto Giordano a 1898. Aka gayyace shi Rasha da Ajantina. A watan Disamban 1900 ya shiga La Scala, gidan opera mafi daraja a Italiya, a ƙarƙashin jagoran makaɗa Arturo Toscanini. Da ya koma gida a ƙarshen 1901 ya yi waƙa a San Carlo, babban gidan opera na Napoli, bai sami tarbar da ya sa rai ba. Manyan garin da 'yan jarida suna da nasu gwanin, Fernando De Lucia, mai salon da, na kwalliya da lanƙwasa da jan sauti siriri. Abin ya yi wa Caruso ciwo ƙwarai, bai kuma sake yin opera a garinsu ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

To, a watan Maris 1902 yana La Scala yana rera wata sabuwar opera, Germania ta Alberto Franchetti, sai Gaisberg ya shiga kallo. Su biyun sa'o'in juna ne, duk 'yan 1873. Gaisberg mutum ne mai yawo da na'ura ƙasa ƙasa yana farautar muryoyi. A ƙarshen wannan shekarar ma har Kalkata ta Indiya ya je. Kamfanin da yake wa aiki sunansa a lokacin Gramophone and Typewriter, wato garmaho da tafireta. Sunan kaɗai ya isa ya nuna halin da ake ciki: masu kamfanin ba su sakankance garmaho zai ɗore ba, shi ya sa suka haɗa da sayar da tafireta don kada a tashi a tutar babu. Kamfanin nan ne daga baya aka san shi da tambarin kare mai leƙa bakin garmaho, kuma irin baƙin farantinsa ne kakanninmu suka ga ya yi kama da faifan kaba na rufe ƙwarya suka sa masa suna faifai, sunan da har yau muke kiran bidiyon waya da shi.

A wancan lokaci manyan mawaƙa suna ƙyamar garmaho. Suna da hujja. Abin da ke fitowa daga cikinsa ƙara ce da tsiwa, kuma yawancin abin da ake ɗauka waƙoƙin barkwanci ne da kiɗan badujala. Mawaƙin da ya yi shekara ashirin yana gina suna ba zai so a ji shi kamar agwagwa a cikin gwangwani ba. Gaisberg ya ba da labari daga baya cewa da ya sanar da Landan kuɗin da Caruso ya nema, sai aka aiko masa da telegiram cewa kuɗin ya yi yawa, kada ya kuskura ya ɗauka, shi kuma ya yi kunnen uwar shegu. Labarin ya yaɗu ko'ina, amma masu binciken tarihin kamfanin suna shakkarsa. Abin da ba a shakka a kai shi ne fam 100 a kan aikin awa biyu kuɗi ne masu kauri a 1902, kuma kamfanin ya mayar da su ninkin ba ninkin.

Sai an fahimci yadda na'urar take kafin a gane girman abin da ya faru. Babu wutar lantarki a cikin aikin ko kaɗan. Mawaƙi yana rera waƙa a bakin mazurari. Iskar sautin tana matsewa zuwa ƙaramin bakinsa, ta bugi wani siririn tantani, tantanin ya girgiza allura, allurar ta yi ta tsaga layi mai karkace-karkace a kan farantin kaki da ke juyawa. Ƙarfin muryar mutum shi kaɗai ke tura allurar. Idan ya yi ƙasa da murya sosai, allura ba ta ji ba. Idan ya saki murya gaba ɗaya a kusa, allura ta yi tsalle ta ɓata layin. Don haka mawaƙi yana waƙa yana matsowa yana ja da baya, wani lokaci ma da mai kama shi ta kafaɗa yana tura shi yana janye shi. Ba a yanke wani wuri a liƙa wani. Ba a ma iya sauraron abin da aka ɗauka nan take, domin da an ɗora allurar saurare a kan kakin, ya lalace. Sai an kai farantin masana'anta, a Hanover ta Jamus, a yi masa zubin ƙarfe, a buga kwafe, sannan a san abin da aka samu. Faifai mai inci goma kuwa bai wuce ya ɗauki minti uku ba, kuma gefe ɗaya kawai ake bugawa.

Na'urar kuma kurma ce ta sama da ta ƙasa. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti daga mai girgiza sau 20 a daƙiƙa har zuwa kusan 20,000. Mazurarin nan abin da yake kamawa da kyau bai wuce daga wajen 250 zuwa 2,500 ba. Muryar mace mai hawa sama, wadda kyanta yake cikin ƙyallin da ke can ƙololuwa, sai ta fito fayau kamar usur. Muryar basso sai ta rasa gindinta. Goge na Turawa sai ya ɓace, har sai da aka ƙera wani na musamman mai ƙaho a jiki don ɗaukar faifai. Amma muryar namiji mai kauri a tsakiya, mai ƙarfin da zai danne ƙarar faifai, wadda ba ta rawa, ba ta huci, ita ce ta faɗa daidai cikin wannan 'yar taga. Muryar da aka taɓa zargi da cewa ta cika duhu ga tenore, ita ce na'urar take jira. Akwai sa'a a ciki, babu musu. Sai dai sa'a ba ta bayyana komai ba, domin akwai wasu masu irin wannan murya da suka tsaya gaban mazurari a shekarun, fayafayansu kuma ba su motsa kowa ba.

Abin da ya bambanta shi, a jina, shi ne bai ji tsoron na'urar ba. Yawancin mawaƙan zamanin idan ka saurare su za ka ji a ɗarare suke, kamar mai magana da baƙon da bai yarda da shi ba. Caruso kuwa ya rera wa mazurarin nan waƙa kamar mutum ne mai kunne da zuciya. A ranar ya yi guda biyu daga Germania, biyu daga Mefistofele ta Arrigo Boito, sai ɗaiɗai daga Rigoletto da Aida na Verdi, da Manon ta Massenet, da L'elisir d'amore ta Donizetti, da Tosca ta Puccini, da Iris ta Mascagni. A lura da wani abu: Tosca shekararta biyu kacal da fitowa, Iris uku da 'yan watanni, Germania kuwa wata ɗaya. Mu yau muna jin su a matsayin kayan gargajiyar Turawa, amma a ranar sababbin waƙoƙi ne da ake yayi, masu tsara su suna raye suna yawo a titunan Milan.

Kurakurai suna nan a fili. A "E lucevan le stelle" ta Tosca, waƙar fursunan da za a harbe da asuba yana tuna daren da masoyiyarsa ta zo masa, Caruso ya shigo tun lokacinsa bai yi ba, shi da mai fiyano suka ɗan yi ta laluben juna kafin su haɗu. A ɗaya daga cikin na Mefistofele ma ya yi irin wannan riga-malam-masallaci. Yau da an tsaya an sake. A ranar ba a sake ba, aka buga su haka aka sayar, sai a ƙarshen shekarar ya koma ya sake ɗaukar wasu. Ni kam ina son faifan Tosca na Afrilun nan da kuskurensa. Da zarar ya daidaita, sai ka ji yadda yake ɗinke sauti da sauti ba a ganin wurin ɗinkin, yadda yake fara jimla a hankali kamar mai magana da kansa, ta yi ta kumbura har ta cika, ba tare da an ji inda ya ƙara ƙarfi ba. Saurayi ne mai murya sabuwa ful, mai laushi kamar man shanu, wanda bai riga ya san duniya za ta saurari wannan abu bayan shekara ɗari ba. Wannan rashin sani shi ya ba faifan daɗinsa. Daga baya, da ya gane nauyin abin, ya zama mai taka-tsantsan ƙwarai a gaban na'ura.

"Celeste Aida" ta ranar tana koya mana wani abu dabam. Verdi ya rubuta cewa a ƙare waƙar da sauti na sama a hankali, yana dushewa har ya ɓace, abin da ke da wuyar gaske. A faifan Afrilu Caruso ya kai wurin da siririyar murya mara jiki, irin ta tsohon salo. A fayafayan da ya yi na wannan waƙa bayan wasu shekaru, sai ya riƙa kai wa wurin da cikakken ƙirji. Wanda ya jera su ya saurara zai ji da kunnensa yadda salon waƙar Italiya ya juya cikin shekara goma, a maƙogwaron mutum ɗaya.

Juyin nan yana da dalili. Tsohon salo, wanda ake kira bel canto, wato kyakkyawar waƙa, an gina shi ne a kan santsi da ado da iya sarrafa murya. Amma daga 1890 wata sabuwar iska ta taso, verismo, opera a kan talakawa da kishi da wuƙa da jini, irin su Cavalleria rusticana ta 1890 da Pagliacci ta 1892. Waɗannan suna neman ƙarfi da zafin rai, makaɗa sun ƙaru, sauti ya yi nauyi. Mawaƙa da yawa da suka bi wannan hanya sun koma haushi da kuka, suka zubar da santsin. Waɗanda suka riƙe tsohon salo kuma suka zama kamar masu kwalliya a wurin jana'iza. Caruso ya haɗa biyun. Ya ɗauki dogon numfashi da ɗinkin bel canto ya zuba musu zafin verismo. Duk wani tenore na Italiya da ya zo bayansa, daga Beniamino Gigli har Luciano Pavarotti, a inuwar wannan haɗi ya tashi.

Fayafayan sun fito kasuwa a Landan daidai lokacin da ya fara waƙa a Covent Garden, babban gidan opera na birnin, ranar 14 ga Mayu 1902, a Rigoletto tare da shahararriyar mawaƙiya Nellie Melba. Wanda ya ji shi a zaure ya je ya sayi faifai, wanda ya ji faifai ya je neman tikiti. A ƙarshen Nuwamba ya koma gaban mazurari a Milan, a nan ya fara ɗaukar "Vesti la giubba" ta Pagliacci, waƙar ɗan wasan barkwancin da ya gano matarsa tana cin amanarsa, ga shi kuma dole ya shafa farar hoda ya fita ya ba jama'a dariya. Ya sake ɗaukarta a 1904 da 1907, kuma ita ake yawan ambata a matsayin faifan farko da aka sayar da kwafensa miliyan ɗaya. A Afrilun 1904 ya ɗauki "Mattinata", wadda Ruggero Leoncavallo ya tsara musamman domin garmaho, Leoncavallo da kansa yana kaɗa masa fiyano. Kafin nan kuwa manyan da ke ƙyamar na'urar sun fara sauka daga dokin naƙi. Francesco Tamagno, wanda Verdi ya zaɓa ya fara rera Otello, ya yarda an ɗauke shi a 1903. Melba ta bi a 1904, Adelina Patti a 1905 tana da shekara sittin da 'yan kai. Da Caruso bai buɗe ƙofar nan ba, wataƙila da wasu daga cikinsu sun tafi da muryoyinsu kabari. Tamagno ma a 1905 ya rasu.

Ranar 23 ga Nuwamba 1903 ya fara waƙa a Metropolitan Opera ta New York, gidan da ya zama nasa har ƙarshen rayuwarsa, inda ya hau dandamali sau 863 idan an haɗa da tafiye-tafiyen ƙungiyar. Kamfanin Victor na Amurka ya ɗauke shi, ranar 1 ga Fabrairu 1904 kuma ya yi musu aikin farko a ɗaki mai lamba 826 a ginin Carnegie Hall. Daga wannan zama ne faifan da na fi so a cikin duk abin da ya bari ya fito.

"Una furtiva lagrima" ce, daga L'elisir d'amore. Wani baƙauye ne mai sauƙin kai, Nemorino, wanda yarinyar da yake so ta daɗe tana yi masa dariya. Sai ya hangi ɗigon hawaye ɗaya a idonta, wanda ta so ta ɓoye, ya gane ashe tana sonsa. Ke nan duk abin da waƙar ta ƙunsa. A 1902 Caruso ya ɗauke ta a gurguje don ta shiga minti uku. A 1904 sai aka raba ta gida biyu a kan faifai biyu, aka ba shi fili. Ya tafi da ita a hankali ƙwarai, hankalin da in wani ne numfashi zai yanke masa a tsakiya. Shi kuwa kowace jimla tana fitowa cikakkiya, ta sauka inda ya ga dama. Yana fara sauti ƙasa ƙasa, ya buɗe shi kamar ana buɗe taga da safe, ya sake rufe shi a hankali, launinsa bai canja ba. Wajen ƙarshe, inda makaɗi ke yin shiru a bar mawaƙi shi kaɗai, sai ya yi ta hawa da sauka cikin sauri da tsabta, abin da masu cewa shi mai ƙarfi ne kawai ba su taɓa saurara ba. Ba sai ka san Italiyanci ba. Za ka ji mutumin da farin ciki ya zo masa ba zato har ya rasa inda zai sa kansa, yana murna kamar mai kuka. Duk lokacin da na kai ƙarshen faifan nan sai na ɗan zauna shiru kafin in taɓa wani abu.

Daga 1906 Victor ta fara ɗaukarsa da ƙungiyar makaɗa maimakon fiyano, sauti ya gyaru, kuɗi suka shigo. Faifan da ya yi da wasu mawaƙa biyar a 1908, daga Lucia di Lammermoor, dala bakwai ake sayar da shi, gefe ɗaya tak, a zamanin da leburori da yawa ba sa samun dala biyu a yini. Baƙin haure 'yan Italiya da ke aikin ƙarfi a Amurka suna tara kuɗi su sayi waƙoƙin Napoli da ya ɗauka, su ji harshen gida daga bakin ɗan talaka irinsu. Muryar kuma ta yi ta ƙara duhu da nauyi. An yi masa aikin maƙogwaro a 1909, ga shan taba ba ƙaƙƙautawa, ga aiki ba hutu, ga baƙin cikin rabuwarsa da Ada Giachetti, uwar 'ya'yansa maza biyu, a 1908. A 1914 ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Titta Ruffo, baritono mafi ƙarfin murya a zamanin, suka ɗauki rantsuwar ɗaukar fansa ta Otello, kuma da wuya ka ce ga wanda ya danne wani. A 1916 har waƙar basso ya ɗauka daga La bohème, don tunawa da daren da abokin aikinsa ya rasa murya a kan dandamali shi kuma ya juya wa jama'a baya ya rera masa.

Masu sauraro sun rabu a kan wane Caruso ya fi. Wasu na ƙarshen suke so, mai murya kamar tagulla, wanda kowace kalma tasa take da nauyin dutse. Ina girmama wannan, kuma na yarda cewa ta wajen zurfin fassara ya fi na farkon. Amma an biya farashi. Sauƙin nan na 1902 da 1904, inda sauti ke fitowa kamar ba a yi wahalar komai ba, ya tafi, kuma ba ya dawowa. Wanda ya san na ƙarshen kawai bai san dalilin da ya sa Milan da Landan suka rikice a kansa tun farko ba.

Akwai wata matsala da mai neman fayafayan nan a intanet zai ci karo da ita, gara a faɗa masa. Ana cewa tsofaffin fayafayai suna juyawa sau 78 a minti, amma a farkon ƙarnin ba a tsayar da wannan ƙa'ida ba. Na Milan an ɗauke su ne a gudun da bai kai haka ba. Idan aka juya su a 78, sai waƙar ta yi sauri, sautin ya hau, muryar ta sirance ta koma ta wani mutum dabam. Da yawa daga cikin waɗanda suka ce sun ji Caruso bai burge su ba, wannan gurɓataccen suka ji. Aikin masana irin su Ward Marston, wanda ya bi fayafayan ɗaya bayan ɗaya ya mayar da kowanne gudunsa na asali, shi ya kamata a nema.

An kuma yi ta ƙoƙarin yi wa muryar sabuwar riga. A shekarun 1930 kamfanin RCA Victor ya ɗora sabon kiɗa a kan wasu fayafayan. A 1976 Thomas Stockham ya yi amfani da kwamfuta don rage amon mazurarin, aikin da ke cikin na farko-farko a irinsa. A 1999 aka sake ɗora masa ƙungiyar makaɗa ta zamani a Biyana, babban birnin Ostiriya. Niyyar mai kyau ce, amma ni ban ga ribar ba. Idan aka kankare ƙarar faifai da yawa, ana kankare wani abu na muryar tare da ita, ta fito sumul amma ba rai. Idan kuma aka kewaye ta da kiɗan zamani mai faɗi, sai ta zama kamar tsohon hoto da aka liƙa a tsakiyar sabon kalanda. Kunne yana da wayo fiye da yadda ake zato. Ka ba shi minti biyu da shuuu ɗin nan, zai ture shi gefe da kansa, ya bar ka da mutumin.

Zamansa na ƙarshe gaban mazurari a Camden ta jihar New Jersey ne, a watan Satumban 1920. A cikin abin da ya ɗauka akwai waƙar Eléazar daga La Juive ta Halévy, uban da ke shirin barin 'yar da ya raina ta mutu. Ana jin numfashinsa ya yi nauyi, muryar ta yi duhu kamar ta baritono, amma babu faifansa da ya kai wannan ciwo. Ranar 16 ga watan ya rufe da addu'o'i biyu na coci da Rossini ya tsara. Ranar 11 ga Disamba yana cikin rera L'elisir d'amore a Brooklyn, opera ɗin nan dai ta Nemorino, jini ya ɓalle masa ta baki, aka dakatar da wasan. Ya daure ya sake fitowa, na ƙarshe ranar 24 ga Disamba, a La Juive. Daga nan sai ciwon ƙirji, da tiyata bayan tiyata. Da ya ɗan ji sauƙi ya hau jirgin ruwa ya koma Italiya da matarsa Dorothy da 'yarsu Gloria. Ya rasu a otal ɗin Vesuvio na Napoli ranar 2 ga Agusta 1921, yana da shekara 48. Sarkin Italiya ya ba da izini aka yi jana'izarsa a cocin sarauta na San Francesco di Paola, garin ya fito ƙwai da kwarkwata. Cikin waɗanda suka yi waƙa a wurin akwai Fernando De Lucia, gwanin da mutanen Napoli suka fifita a kansa shekara ashirin da suka wuce.

A 1925, shekara huɗu bayan rasuwarsa, aka fara ɗaukar faifai da makirufo da wutar lantarki. Gigli da Giovanni Martinelli da sauran waɗanda suka gaje shi sun ci moriyar wannan, aka ji ƙyallin muryoyinsu da faɗin zauren da suke ciki. Shi bai riski wannan ba. Fayafayansa kusan 250, tun daga goman otal ɗin Milan har zuwa na Camden, dukkansu ta bakin mazurari suka bi.